Lauya A Bakin Madatsa: Waiwaye Kan Ruwan Funtuwa Da Malumfashi

A wannan makon na ɗan jingine labarin soyayya, domin mu waiwayi tarihin da ya shafi kowane gida a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, wato tarihin ruwan sha. Da yawanmu idan aka ambaci hukumar ruwa, injiniya ne ke faɗo mana a rai, da bututu da injin turo ruwa. To amma ni a ganina, rabin matsalar ruwanmu a kan takardun doka take kwance, shi ya sa lauya yake da ta cewa a ciki.

Allah Ya yi wa kudancin Katsina baiwar damina. Nan ne ƙasar auduga da masara da dawa, kuma kogin Sakkwato kansa daga wajen Funtuwa ya faro. Saboda albarkar noman nan ne aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da tallafin Bankin Duniya. Ga madatsar Mairuwa, ga ta Gwaigwaye, ga ta Malumfashi. Duk da haka, mai karatu shaida ne, kurar ɗan garuwa da jarkokinta ba su taɓa ɓacewa daga unguwanninmu ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa kenan.

Mu bi dokokin daki-daki. A 1976 gwamnatin soja ta raba ƙasar nan ga hukumomin raya koguna, mu muka faɗa ƙarƙashin ta Sakkwato da Rima. A 1978 aka kafa dokar mallakar ƙasa, wadda ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ƙarƙashinta, idan gwamnati ta karɓi gonarka don aikin jama'a, diyyar amfanin gona da bishiyoyi da gini za a ba ka, ƙasar kuwa ba a sayenta. Duk manomin da ya gaji gona kaka da kakanni ya san ɗacin wannan magana. A 1980 rikicin diyya a madatsar Bakolori ya kai ga arangama tsakanin manoma da 'yan sanda, aka rasa rayuka da dama. Sannan a 1987 aka cire Jihar Katsina daga Kaduna, ruwan garuruwanmu ya dawo hannun hukumar ruwa ta sabuwar jiha. A 1993 kuma wata dokar soja ta ce duk ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, ikonsa na tarayya ne.

Kun ga kenan ruwa ɗaya, iyayen gida barkatai. A cikin wannan ruɗani ne wani lauya ya hau kujerar shugabancin ruwa ta ƙasa, wato Barista Mukhtar Shehu Shagari. Ya taɓa riƙe muƙamin Kwamishinan Shari'a kuma Babban Lauyan Jihar Sakkwato, sannan a 2001 Shugaba Obasanjo ya naɗa shi Ministan Albarkatun Ruwa, ya zauna har farkon 2007. A zamaninsa, cikin 2002, aka kafa majalisar ministocin ruwa ta Afirka a Abuja, shi ne ma ya fara shugabantarta. Bayan ya bar ma'aikatar ya yi mataimakin gwamnan Sakkwato daga 2007 zuwa 2015.

Wani zai ce, to lauya zai haƙa rijiya ne? Ko kusa. Amma kafin a sa diga a ƙasa, sai an rubuta kwangila, an fayyace hukuncin ɗan kwangilar da ya ci kuɗi ya gudu, an tantance diyyar masu gonaki, an kuma yi yarjejeniya a kan kason da tarayya za ta biya da wanda jiha za ta biya. Duk inda ɗaya daga cikin waɗannan ya samu tangarɗa, famfo ba zai kawo ruwa ba.

Madatsar Zobe ta Dutsin-Ma ta ishe mu misali. An kammala ta a 1983, amma sai a 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin tace ruwanta da tura shi ga jama'a. Shekara 38 ruwa na kwance a tafki, gwamnatoci na zuwa suna wucewa, cikinsu har da zamanin lauyan da muke magana a kai. Wannan ya nuna mana cewa sanin doka a kan kujerar Abuja kaɗai bai wadatar ba, matuƙar ba a ɗaure kowane ɓangare da wa'adi da hukunci ba.

Don haka ina kira ga 'ya'yanmu na Funtuwa, Malumfashi, Bakori da Ƙafur masu karatun lauya, kada kowa ya ruga siyasa ko manyan kamfanoni. Hukumar ruwa na buƙatar wanda zai karanta kwangila kafin a sa hannu, manomi kuma na buƙatar wanda zai karanta masa takardar diyya kafin ya dangwala yatsa. Mu kuma masu shan ruwan, mu riƙa tambayar wa doka ta ɗora wa alhakin famfon unguwarmu, domin wanda bai san mai bashinsa ba, ba ya da ranar karɓa.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya sa mu dace. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.