Birnin New York da Tarihin Leƙa Ƙaramin Hanji

Ƙaramin hanji, wato sashen da ke tsakanin tumbi da babban hanji, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita 6 a jikin baligi, shi ne wurin da ya fi daɗewa yana gagarar idon likita, domin yana da nisa daga baki, yana da nisa daga dubura, ga shi kuma a murɗe. Bangonsa na ciki lulluɓe yake da miliyoyin 'yan tsirarrun nama masu siffar yatsu, waɗanda tsayin kowannensu kimanin milimita ɗaya ne, kuma ta cikinsu ne amfanin abinci ke shiga jini. Akwai wata larura da ake kira lalacewar hanji sakamakon muhalli, wadda a cikinta waɗannan yatsu ke gajarcewa su yi faɗi, bangon hanjin ya kumbura, ya riƙa barin gubar ƙwayoyin cuta tana ratsawa. Mai ita ba lallai ne ya yi gudawa ko zazzaɓi ba, don haka babu hanyar tabbatar da ita sai an ga naman hanjin kansa, kuma wannan ne ya sa tarihinta ya zama tarihin kayan aikin da aka ƙera domin a kai ga wannan nama.

Hoton da ake ɗauka bayan majiyyaci ya sha ruwan bariyam yana nuna siffar hanji ne kawai, ba ya nuna yatsun. A 1932, lokacin da Burrill Crohn da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer na asibitin Mount Sinai da ke New York suka bayyana ciwon kumburin ƙarshen ƙaramin hanji wanda yau ke ɗauke da sunan Crohn, sun dogara ne a kan naman da aka yanko a ɗakin tiyata. Sauyi ya zo a 1956, da Margot Shiner ta fito da bututun gutsuro nama a Landan, sannan a 1957 William Crosby da Heinz Kugler na cibiyar binciken soja ta Walter Reed a Washington suka ƙera ɗan kafso na ƙarfe da ake haɗiyewa ɗaure da siririn bututu. Idan hoto ya nuna ya wuce tumbi, sai a zuƙe iska da sirinji daga waje, naman ya shiga wata 'yar kafa, wuƙar da ke ciki ta datse shi, a janyo kafson a duba abin da ya ɗauko a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Da wannan kafso ya bazu, sai likitoci a Indiya da Tailan da ƙasashen Afirka suka tarar da cewa hanjin mutanen da suke ganin lafiyarsu ƙalau bai yi kama da na cikin littattafan Turai ba. Tambayar da ta taso ita ce ko haka aka halicci mutanen ƙasashen zafi, ko kuwa wani abu ne ke samun hanjin bayan haihuwa. Masu bincike a Vellore, a kudancin Indiya, sun nuna cewa 'yan tayi a can suna da dogayen yatsun hanji kamar na ko'ina, sai dai ragowar amsar a New York aka same ta, kuma yanayin birnin ne ya ba da damar haka, domin gari ne da baƙi ke sauka a cikinsa daga kowace nahiya. Tun a 1964 Frederick Klipstein na Jami'ar Columbia ya yi rubutu a kan wata 'yar'uwar wannan larura mai tsanani, wadda ke haɗuwa da gudawa da rama da ƙarancin jini, a jikin mutanen da suka zo daga tsibiran Karebiyan. Sau da yawa wannan mai tsananin ba ta barin mutum don ya sauya gari, sai an yi mata magani. A shekarar da ta biyo baya Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a sabuwar dokar shige da fice, wadda ta buɗe ƙofa ga 'yan Asiya, ɗalibai da ƙwararrun ma'aikata da yawa daga Indiya da Pakistan suka kwararo birnin.

John Lindenbaum, likitan da ya yi aiki a ɗakin binciken kwalara na Dhaka kafin ya koma Columbia da asibitin Harlem, shi ne ya haɗa ɓangarorin biyu, wato masu zuwa ƙasashen zafi da masu barinsu. A 1966 shi da Thomas Kent da Helmuth Sprinz suka nuna cewa matasan Amurka 'yan sa-kai na Peace Corps da suka zauna a Pakistan hanjinsu ya sauya, kuma tsotson abincinsu ya ragu kamar na 'yan ƙasa. A 1971 aka buga rahotanni biyu a mujallar Annals of Internal Medicine: na farko ya bi waɗannan matasa bayan sun koma gida, ya tarar hanjinsu ya murmure, na biyu kuwa, wanda Charles Gerson ya jagoranta, ya duba Indiyawa da 'yan Pakistan mazauna New York, ya tarar gwargwadon daɗewar mutum a birnin, gwargwadon yadda hanjinsa ke komawa daidai. Ba-Amurke ya kamu da ya je, Ba-Indiye ya warke da ya zo, saboda haka ba gado ba ne. Abin da masana suka karkata a kai daga baya shi ne yawan haɗiyar ƙwayoyin cuta na bayan gida ta ruwa da abinci da ƙasa.

Dole a lura da cewa duk wannan ilimi daga hanjin manya aka samo shi, alhali nauyin larurar a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyu yake. Ba wanda zai yarda a zura wa jaririn da ba ya kwance bututu don bincike kawai, don haka aka koma gwajin fitsari bayan shan sukari iri biyu, ɗaya mai ratsa lafiyayyen hanji, ɗaya kuma ba ya ratsawa sai bango ya lalace. Da shi ne Peter Lunn da abokan aikinsa suka danganta yoyon hanji da tsumburewar jarirai a Gambiya a 1991. Gwajin yana da sauƙi, amma inuwar abin yake nunawa, ba abin ba. Ga arewa maso yammacin Nijeriya, inda binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya sami kashi 57 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure, wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

New York ta sake shigowa labarin da ƙwayar kyamara da ake haɗiyewa, wadda injiniyan Isra'ila Gavriel Iddan da likitan Landan Paul Swain suka bayyana a 2000. Blair Lewis na Mount Sinai yana cikin na farko da suka gwada ta a kan majiyyata masu zubar jinin hanji, hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a 2001. Girman ta farkon milimita 11 da 26 ne, tana ɗaukar hoto biyu a daƙiƙa har kimanin awa 8, sai dai ba ta gutsuro nama, ba a iya tsayar da ita, kuma ta fi ƙarfin maƙogwaron jariri. Aikin da ya biyo baya ya koma wasu wurare: a Boston, ƙungiyar Guillermo Tearney ta bayyana a 2013 kafso mai igiya da ke amfani da haske ya nuna zurfin bangon hanyar abinci ba tare da yanka ba, a Lusaka kuma Paul Kelly ya yi amfani da na'urar leƙa ciki mai hasken leza a 2016, ya ga rinin da aka sa a jini yana tsiyaya ta tsakanin ƙwayoyin bangon hanjin 'yan Zambiya manya.