Bindiga Ba Harsashi Sanda Ce: Daga Albarushin Damagaram Zuwa Dajin Faskari

A watan Fabrairun 2021 aka kai Auwalu Daudawa gidan gwamnati da ke Gusau, ya rantse da Alƙur'ani cewa ya tuba, aka jera bindigogi kusan ashirin a gaban 'yan jarida. Shi ne mutumin da aka ɗora wa alhakin kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a daren 11 ga Disamba, 2020. Ba a cika wata uku ba ya koma daji, a ƙarshen Afrilu kuma aka kashe shi a wani faɗa da abokan gabarsa. A ranar tuban an ƙirga bindigogin da ya miƙa, an ɗauki hotonsu. Abin da hoton bai nuna ba shi ne hanyar da harsashi ke bi ya iske shi a daji, da kuma ko an toshe ta.

Wannan tambaya ta girmi kowa a cikin ɗakin taron. Tarihin yaƙi a ƙasar Hausa, tun daga zamanin jihadi har zuwa halin da Daudawa da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suke ciki yau, yana maimaita darasi guda: bindiga sau ɗaya ake sayenta, cimarta kuwa kullum ake nema. Duk lokacin da kaya suka yi ƙaranci, wanda ya tanadi albarushi shi ke da filin daga, ba wanda ya tara bututun ƙarfe ba.

Abin da bindigar toka ke ci

Bindigar da kakanni suka sani, wadda ake kira adaka ko bindigar toka, tana buƙatar abu uku kafin ta yi magana: albarushi, da dalma ko guntayen ƙarfe da za a ɗura, da ƙanƙarar da za ta ƙyasta wuta. Kowane ɗaya ya ɓace, ta zama gora. Gawayi ba ya wuya a ƙasar Hausa, amma farar wuta, wadda albarushi ba ya haɗuwa sai da ita, galibi fatake ne ke kawo ta daga nesa. Ƙanƙara tana dakushewa bayan 'yan harbe-harbe, albarushi kuma in ya sha raɓa ko ruwan damina ya mutu. Ita kanta ɗurawar tana cin lokaci, shi ya sa har yau ake yi wa irinta laƙabi da harbi-ka-ruga.

Wannan ne ya sa bindiga ta daɗe a fada kafin ta yi tasiri a fagen fama. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Amma bayan shekara hamsin, a 1826, lokacin da Baturen nan Kilafaton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙar Gobirawa a Konya, bindigogi arba'in da biyu kacal ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa. Ba jahiltar bindiga aka yi ba. Lissafi ne: kibiya ana fiƙe ta a gida, maƙerin ƙauye ya ƙera mata kai, dafinta kuma na daji ne. Maharbi mai kwari da baka zai saki kibau da dama kafin mai adaka ya gama ɗuri ɗaya, kuma ba ya jiran ayarin Tarabulus.

Kudancin Katsina ya san wannan zamani da kyau. Bayan jihadi, zuriyar sarakunan Katsina na Haɓe sun kafu a Maraɗi, suka riƙa kawo hari ta dajin Rugu har cikin garuruwan kudu, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Abin da ya tsare mutane a lokacin shi ne ganuwa, da duwatsu, da maharba, da dawakai. Dajin da ya ɓoye mahara a ƙarni na 19, shi ne dai yake ɓoye su a yau. Makamin ne ya canja.

Sarkin da ya fahimci lissafin

A cikin sarakunan wannan yanki, wanda ya fi kowa gane cewa bindiga da cimarta tare suke tafiya shi ne Tanimu na Damagaram, wanda ya rasu a 1884. Zindar tana kan hanyar fataken Sahara, don haka bindigogi suna iso masa daga arewa. Amma bai tsaya ga saye ba. Ya sa aka riƙa haɗa albarushi a cikin birninsa, maƙera suna zuba igwa suna ƙera harsasai. Labaran matafiya na lokacin sun ba shi bindigogi kimanin 6,000 da igwa kusan 40. Ko da an yi ƙari a adadin, abin lura shi ne tsarin: ya mai da abin da ke ƙarewa abin da ake yi a gida, ya bar abin da ke daɗewa ga kasuwa. Da wannan gado ne Damagaram ta iya tunkarar Kano da yaƙi a ƙarshen ƙarnin.

Can yamma, Samori Ture ya bi wannan hanya har ya zarce. Yana sayen bindigogin zamani daga bakin teku, amma ya tara maƙera suna gyara su, suna kwaikwayon ƙirarsu, suna sake cika kwanson harsashi. Sojojinsa sukan tsince kwanson da aka harba bayan an tashi daga faɗa, domin a wurinsu tagullar nan dukiya ce. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya daɗe yana fafatawa da Faransa har zuwa kama shi a 1898.

Rabeh kuwa, wanda ya ci Barno a 1893 da runduna mai horo da bindigogi masu yawa, ya gamu da ɗaya fuskar lamarin. Sarkin Musulmi ya hana fatauci da shi, hanyoyin yamma suka ƙuntata, neman albarushi da harsashi ya zama babbar damuwarsa. Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilu, 1900.

Yadda Turai ta riƙe maƙogwaron bindiga

Turawa sun san inda jijiyar take. A ranar 2 ga Yuli, 1890, ƙasashensu suka sa hannu a yarjejeniyar Burasal, wadda aka yi da sunan yaƙi da cinikin bayi. A cikinta aka taƙaita shigar da bindigogin zamani da harsasansu zuwa mafi yawan Afirka ta kudu da Sahara, aka bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ma'anar wannan a fili take. Sarkin da ya samu bindigar zamani ta ɓarauniyar hanya, ya samu abin da maƙerinsa ba zai iya ciyarwa cikin sauƙi ba, domin harsashin zamani kayan masana'anta ne, kowace bindiga da irin nata.

Sakamakon ya bayyana a 1903. Ranar 3 ga Fabrairu Kanar Molan ya ci Kano da sojojin da ba su kai dubu ba, amma suna da igwa da bindiga mai jigida ƙirar Maxim, wadda ke iya aman harsashi wajen 600 a minti guda, ga kuma 'yan dako a bayansu ɗauke da akwatuna. A ƙarshen watan, kusa da Kwatarkwashi, ƙaramar ƙungiyar sojan doki ta tsaya wa barade masu yawa na Kano, Waziri Ahmadu ya kwanta dama a wurin. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Katsina kuma ta karɓi Lugga ba tare da yaƙi ba kafin watan ya ƙare. Jarunta ba ta yi ƙaranci ba. An dai haɗa mutanen da ke ƙirga kowane ɗuri da mutanen da masana'antar Ingila ke tsaye a bayansu.

Satiru ta ƙara fito da darasin. A Fabrairun 1906, talakawa masu gatura da fartanya suka tarwatsa wata rundunar Turawa kusa da Sakkwato, har bindigar Maxim ta faɗa hannunsu. Ba ta amfane su da komai ba. Cikin Maris aka dawo aka shafe garin. Makami mafi ƙarfi a ƙasar ya kwana a hannunsu, amma ba su da sanin sarrafa shi, ba su da hanyar ciyar da shi.

Daga auduga zuwa AK-47

Mulkin mallaka ya bar wa mafarauci adakarsa, ya bar wa sarki 'yan bindigarsa su riƙa buga albarushi ranar hawan Sallah, ya riƙe harsashin zamani a hannunsa. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta gaji wannan rabo: manyan makamai sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar kai sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ta ɗuri kuma a ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 1964 aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna, kuma yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya nuna hikimar hakan, domin ɓangaren Biyafara, da aka datse masa hanyar teku, ƙarancin harsashi ya addabe shi har ya koma ga abin da injiniyoyinsa za su iya haɗawa.

A tsawon waɗannan shekaru ba a san Daudawa da bindiga ba. An san ta da gonar irin auduga da aka kafa tun zamanin Turawa, wadda ta ciyar da noman da ya raya Funtuwa da kewayenta. Kalmar 'yan bindiga ma, a kunnen dattijo, tana nufin bayin sarki masu jar riga da hayaƙin Sallah. Yau idan aka faɗe ta a Faskari, mata tattara yara suke yi.

Abin da ya sauya shi ne shigowar AK-47 da danginta. Bindiga ce mai jure ƙura da rashin kulawa, tana iya yin shekaru da dama tana aiki. Amma gidan harsashinta talatin yake ci, kuma in aka danne kunama, cikin daƙiƙa uku ya ƙare. Wato ɗan ta'addan da ke dajin bai cika buƙatar sabuwar bindiga ba. Abin da yake nema kowane mako shi ne harsashi, kuma ba a daji ake yin sa ba. Wani ne ke kawo shi, a cikin buhun hatsi ko ƙarƙashin kujerar mota, kamar yadda kamen da 'yan sanda ke yi wa masu safara, har da mata, yake nunawa. Kuɗin fansa da harajin da ake ɗora wa manoma kafin su girbe gonakinsu, wani kaso nasu nan yake tafiya. Binciken da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020, kan makaman da aka kama a Katsina da Zamfara da Kaduna, ya gano cewa wasu sun tsallako ne daga rumbunan gwamnatocin wasu ƙasashe, wasu kuma daga na jami'an tsaron cikin gida suka zurare.

Ɗan sa-kai na ƙauye kuwa yana tsaye a inda kakansa ya tsaya a 1903: adaka a hannu, ɗuri ɗaya, sannan jira. Ko rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ba ta fita daga wannan lissafi ba, domin doka ba ta ba jiha ikon raba wa jami'anta irin makamin da ke hannun maharan ba.

Abin da ya kamata a ƙirga

Gwamnati ta taɓa gwada kama jijiyar. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme da ta Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ya hana sayar da fetur a jarka, daga baya aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama. Tunanin daidai ne: a hana daji abin da yake ci. Amma matakin ya faɗa kan kowa, ɗan kasuwa da manomi suka sha wuya tare da mai laifi. Harsashi ya bambanta da fetur. Talaka ba ya buƙatarsa don kai mara lafiya asibiti, kuma a gindin kwansonsa akwai hatimin da kan nuna masana'anta da shekarar ƙira. Kowane kwanso da aka bari a ƙasa bayan hari shaida ce da za a iya bin sawunta.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ta haɗa da harsasai, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma sai a 2023 ta amince da wani tsari na musamman kan kula da su. Abin da ya rage shi ne aiki: a riƙa tsince kwanso a rubuta hatiminsa, a riƙa binciken rumbunan jami'an tsaro harsashi bayan harsashi, kuma duk zaman sulhu ya wuce jera bindigogi a kan tabarma, ya kai ga sunan mai kawo kaya da hanyar da yake bi.

Tanimu ya san haka, Samori ya sani, waɗanda suka zauna a Burasal sun fi kowa sani. Mutumin da ya miƙa bindiga ashirin amma dillalinsa na nan, bai rabu da komai ba. Manomin Daudawa zai koma gonarsa ta nesa ba don an ɗauki hoton makamai a gidan gwamnati ba, sai ranar da wanda ke cikin daji ya fara ƙirga abin da ya rage masa kafin ya harba.