Nasaba da Lafiya: Yadda Kiwon Karnuka Ya Sake Kama a Ingila

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 mutanen Ingila sun fi auna darajar kare da aikinsa, domin makiyayi wanda zai tattaro masa tumaki yake nema, maharbi kuwa wanda zai ɗauko masa tsuntsun da ya kayar, kuma karen da ya gaza a fagen aiki, komai kyan gashinsa, ba wanda zai wahalar da kansa neman zuriyarsa. Wannan mizani ba baƙo ba ne gare mu, tun da malaman fiƙihu ma amfani suka duba da suka halatta ajiye kare saboda farauta da kiwo da tsaron gona.

A shekarar 1859 aka yi nunin karnuka na farko a birnin Newcastle, inda alƙalai suka yi hukunci da ido kawai, ba tare da an kai kare ko ɗaya daji ba. Abin ya karɓu ƙwarai, har a 1873 wani ɗan majalisa mai suna Sewallis Shirley da abokansa suka kafa ƙungiyar Kennel Club, wadda bayan shekara guda ta fitar da littafin nasabar karnuka na farko. Sannu a hankali aka rubuta wa kowane iri siffofin da ake so a gani a jikinsa, aka kuma toshe ƙofar littafin, ta yadda ba a shigar da kwikwiyo sai iyayensa suna ciki; to da yake kowa karen da ya ci gasa yake so ya yi wa karyarsa barbara, sai aka wayi gari dubban karnuka duk jikokin 'yan ƙalilan ne, duk illar da ke ɓoye a jinin kakan nan kuwa ta sami hanyar bayyana.

Babu inda wannan al'amari ya fito fili kamar a kan irin da suke kira buldog. Asalinsa kare ne mai ƙarfi da zafin nama wanda ake sakar wa ɗaurarren bijimi don nishaɗin 'yan kallo, da majalisa ta haramta wannan mugun wasa a 1835 sai aikinsa ya ƙare, masu nuni suka ɗauke shi. Suka dinga zaɓen mai ƙaton kai da gajeren hanci da tattararriyar fata, zuriya bayan zuriya, har aka kai ga dabbar da in ta ɗan yi sassarfa a rana za ka ji numfashinta yana gurnani daga nesa, mafi yawan matansu kuma ba su iya haihuwa sai likita ya yi musu tiyata, saboda kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugun uwar.

Gyara daga wajen likitocin dabbobi ya faro. A 1935 Gerry Schnelle, wani likita a Boston ta Amurka, ya bayyana ciwon nan na gado da kan ƙashin cinya ba ya zama daram cikin gurbinsa, wanda ke gurgunta manyan karnuka tun ba su tsufa ba. A 1965 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta haɗa kai da Kennel Club suka fara duba ƙugun karnukan da za a yi iri da su, a 1966 kuma aka kafa gidauniyar OFA a Amurka domin irin wannan aiki, da himmar wani attajiri, John Olin, wanda ya ga ciwon a karnukansa na farauta. Ƙa'idar Ingila a yau ita ce sai kare ya cika shekara, a ba shi maganin barci, a kwantar da shi rigingine a miƙe ƙafafunsa na baya a ɗauki hoton ƙashi, sa'an nan ƙwararru su ba kowane ɓangare maki daga 0 zuwa 53, wanda makinsa ya yi ƙasa shi ne lafiyayye. Amma fa tsarin na ganin dama ne, wanda ya ga hoton karensa ya yi muni yana iya ƙin aikawa, kuma a ganina wannan ne ya sa amfaninsa ya yi ta jan ƙafa.

Abin da hujjar likitoci ta kasa yi, kunya ta yi shi. A 2008 BBC ta nuna wani shiri wanda a cikinsa jama'a suka ga ƙananan karnukan Cavalier suna kururuwa saboda ƙoƙon kansu ya matse ƙwaƙwalwa, daga nan ta daina watsa babban nunin karnuka na Crufts. Shekara na zagayowa Kennel Club ta sake duba siffofin da ta shar'anta, ta kuma daina rajistar 'ya'yan da aka samu tsakanin uba da 'ya, ko uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa.

Buɗe ƙofar nasaba kuwa shi ya fi yi wa masu kiwo ɗaci. Tun a 1973 Robert Schaible a Amurka ya haɗa karyar Dalmeshiya da karen farauta na wani iri daban, sau ɗaya tak, domin ya kawar da ciwon tsakuwar mafitsara da ke bin irin, dabarar kuma ta ci. Duk da haka sai da aka kai 2011 kafin ƙungiyar karnuka ta Amurka ta amince a rubuta zuriyar nan a littafinta, alhali tun tuni ba mai iya bambanta su da sauran 'yan uwansu da ido.