Yadda masu rufin gida ke bayyana a binciken Google na yanki

Binciken yanki shi ne jerin masu sana'a da Google ke nunawa a taswira idan mutum ya nemi na kusa da shi, kamar maigidan da kwanonsa ke yoyo a Garuwa ko Injamena. Abu uku ake dubawa wajen jera sunaye: dacewa da abin da aka nema, kusanci, da shahara.

Matakin farko shi ne buɗe shafin Google Business Profile, wanda aka sani da Google My Business kafin 2021. Kyauta ne. Mai rufin da ba shi da shago yana iya ɓoye adireshinsa, ya lissafa yankunan aikinsa har 20.

A Kamaru da Chadi da Faransanci aka fi yin bincike, saboda haka yana da kyau kalmomin "couvreur" da "toiture" su fito a bayanin sana'a. Hotunan aikin da aka gama da sharhin waɗanda aka yi wa aiki suna ƙara shahara. Sayen sharhin ƙarya ko cusa kalmomin talla cikin sunan sana'a na iya jawo dakatar da shafin, kuma in hakan ya faɗo a farkon damina, an yi asarar kasuwa.