Hanci, Alƙalami da Farashi: Tarihin Masu Ɗanɗanar Wiski

A kowane babban kamfanin wiski na ƙasar Sikotlan akwai ɗakin da ba kowa ke shiga ba. Bangonsa cike yake da ƙananan kwalabe masu lamba, a kan tebur kuma an jera kofunan gilashi masu faɗin ciki da tsukakken baki. Mai ɗakin shi ne shugaban masu haɗi, kuma da wuya a ga ya kurɓa. Yakan tsarma samfurin da ruwa har ƙarfin barasar ya sauko wajen kashi 20 cikin ɗari, don kada zafinta ya kashe masa hanci, sannan ya shinshina, ya ajiye, ya ɗauki na gaba. A wuni guda yana iya bin ɗaruruwa. Wanda addini ya raba shi da giya, bai taɓa kusantar ta ba, zai ga aikin ya fi kama da na mai haɗa turare a kasuwar Kurmi fiye da zaman mashaya.

Wiski ya girmi wannan sana'a nesa ba kusa ba. Rubutu mafi daɗewa da ya ambace shi a Sikotlan na 1494 ne, inda littafin baitulmalin sarki ya nuna an ba wani malamin coci mai suna John Cor tsiron sha'ir don ya tace. Daga nan har fiye da shekara ɗari uku, manoma ne ke dafa rarar sha'irinsu a tukwanen tagulla, da yawansu a ɓoye cikin duwatsu, suna wasan ɓuya da masu karɓar haraji. Gwamnati ba ruwanta da daɗi ko rashinsa. Ƙarfin barasar kawai take aunawa, domin a kansa ake yanka haraji. Sai a 1823 aka yi dokar da ta rage harajin, ta kuma sa lasisi a kan fam 10. George Smith na kwarin Glenlivet ya karɓi nasa a 1824, maƙwabtansa 'yan fasa-ƙwauri suka yi barazanar ƙone masa matata, har ya koma yawo da ƙananan bindigogi biyu.

Buƙatar gwanin hanci ta taso ne daga wata na'ura. A 1830 wani ɗan ƙasar Ailan, Aeneas Coffey, wanda tsohon jami'in haraji ne, ya yi rajistar tukunya mai aiki ba tsayawa, mai fitar da barasa mai yawa, mai arha, amma salam. Wiskin tsofaffin tukwane kuwa yana da ƙamshi da kaifi, sai dai gangar yau ba ta kama da ta gobe. 'Yan tireda ne suka ga kasuwa a tsakani: iyalan John Walker a Kilmarnock, 'yan'uwan Chivas a Aberdeen, da dillali Andrew Usher a Edinburgh. Suka riƙa gauraya iri biyun, dokar 1860 kuma ta ba su damar yin haka a rumbu kafin biyan haraji. Da wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa daga shekarun 1860, birandi ya yi wuya, masu kuɗin Landan suka juya ga wiskin haɗi.

Aikin mai haɗi ke nan tun daga lokacin: ya ɗebo daga matatu talatin ko arba'in, ya sa kwalbar bana ta zama daidai da ta bara. Gwanintarsa ita ce kada mai saye ya ji wani bambanci. Shi ya sa a da sunansa ba ya fita, hukuncinsa kuma ba ya wuce ƙofar kamfani.

Har marubutan zamanin ba su damu da ɗanɗano ba. Alfred Barnard ya zaga matatu 162 a Sikotlan da Ailan da Ingila, ya fitar da ƙaton littafinsa a 1887. Ya auna tukwane, ya ƙirga rumbuna, ya yabi tsaunuka da masaukai, amma abin da ke cikin kofin bai samu fili sosai ba. Rashin mai faɗa wa jama'a gaskiya ya buɗe ƙofar ha'inci. Wasu 'yan'uwa biyu, Robert da Walter Pattison na Leith, sun kai ga raba wa masu shaguna ɗaruruwan aku da aka koya wa tallar hajarsu. Kamfanin ya durƙushe a 1898, a kotu kuma aka gano suna zuba ɗan wiski mai kyau cikin mai arha su liƙa masa sunan Glenlivet. Duka biyun sun sha ɗauri a 1901. Bayan wata shari'a a unguwar Islington ta Landan a 1905, sai da aka kafa hukumar bincike ta musamman don ta fayyace mene ne ma wiski, ta ba da rahoto a 1909. A lokacin yaƙin duniya na farko aka wajabta ajiye shi a ganga, wa'adin da ya tsaya a shekara uku har yau.

Wanda ya fito da ɗanɗano fili shi ne wiskin matata guda, wanda ba a gauraya da na kowa ba. Glenfiddich ta fara tallata irinsa a ƙasashen waje a 1963, lokacin da sauran 'yan kasuwa ke ganin wauta ce. Sai kuma kasuwar haɗi ta faɗi a farkon shekarun 1980, rumbuna suka cika maƙil, aka rufe matatu da dama a 1983, ciki har da Port Ellen da Brora. A shekarar ce wani mutumin Edinburgh, Pip Hills, da abokansa suka kafa ƙungiyar Scotch Malt Whisky Society, suna sayen ganga sukutum, su zuba a kwalba yadda take, su rubuta bayanin ƙamshinta da kalmomin da wani lokaci sukan ba da dariya.

Kalmomin ne matsalar. Yaya za a kwatanta wa wani ƙamshin da bai ji ba? A 1979 masu bincike na cibiyar Pentlands sun zana wata da'ira da ta rarraba ƙamshi gida-gida, don ma'aikata su riƙa magana da harshe ɗaya. Amma wanda ya kai abin ga jama'a ɗan jarida ne daga Yorkshire, Michael Jackson, ba mawaƙin Amurka ba. A littafinsa na 1989 ya bi kwalabe ɗaya bayan ɗaya da tsari guda, launi, ƙamshi, yadda yake a baki, da abin da ya bari a maƙogwaro, sannan ya ba da maki cikin 100. Kusan duk mai sharhi a yau sawunsa yake bi.

Gwani ya san launi na iya yaudara, tunda doka ta yarda a ɗiga karamel don ya yi duhu. Abin da yake nema shi ne asali. Warin hayaƙi da na maganin asibiti, kamar na Laphroaig, yana nuna tsibirin Islay, inda ake busar da sha'ir da hayaƙin wata baƙar laka ta ruɓaɓɓun tsirrai da ake haƙowa a fadama. Ƙamshin banila na nuna gangar da ta fito daga Amurka, domin dokar can ta tilasta wa masu wiskin bourbon amfani da sabuwar ganga kowane karo, sai su sayar da tsofaffin da arha. Ƙamshin busasshen inabi da kayan yaji kuwa na gangar giyar sherry ta Sifaniya ne.

An ga iyakar gwanintar a 2011. Tawagar Ernest Shackleton ta bar akwatunan wiskin Mackinlay a ƙarƙashin bukkarta a yankin ƙanƙara na Antatika tun tafiyar 1907. Bayan shekara ɗari aka tono su, aka kai kwalba uku Sikotlan, aka zuƙi kaɗan da allura ta cikin toshiyar. Richard Paterson na kamfanin Whyte & Mackay, wanda ake yi wa laƙabi da hancinsa, ya shinshina, ya haɗa makamancinsa daga wiskin zamani, aka mayar da kwalaben inda aka ɗauko su.

Amma maki ya fi hanci ƙarfi a kasuwa, kuma bai tsaya wa Sikotlan ba. A 2001 wiskin Yoichi na Japan, na kamfanin da Masataka Taketsuru ya kafa bayan ya koyo sana'ar a Sikotlan, ya zo na ɗaya a gasar da mujallar Whisky Magazine ta shirya ba tare da alƙalai sun ga sunan kwalba ba. A ƙarshen 2014 mai sharhi Jim Murray ya ba Yamazaki Sherry Cask na Japan maki 97.5, ya ce babu kamarsa a duniya, farashin wiskin Japan ya yi tashin gwauron zabo. Akwai abin dubawa a nan, domin bambancin maki 89 da 91 ra'ayin mutum ɗaya ne a rana ɗaya, amma dillalai na karanta shi kamar awon zinariya. Port Ellen da aka rufe don ba a buƙatar ta ta zama abin nema har aka sake buɗe ta a 2024. A 2023 an yi gwanjon kwalbar Macallan ta 1926 a Landan a kan fiye da fam miliyan 2.

Kwalba irin wannan ba a cika buɗe ta ba, ballantana a ɗanɗana, kuma nan 'yan jabu suka samu shiga. A 2017 wani baƙo ɗan China ya biya kusan faran 10,000 na Suwizalan a wani otal na St Moritz don kofi ɗaya na Macallan da aka ce na 1878 ne. Masana da suka ga hoton kwalbar suka yi shakkar takardar jikinta da toshiyar. Gwajin da aka yi a jami'ar Oxford ya nuna an tace shi ne tsakanin 1970 da 1972, wani gwajin kuma ya nuna wiskin haɗi ne. Manajan otal ɗin ya hau jirgi har China ya mayar wa mutumin kuɗinsa.