Sai Masu Gida: Kafuwar Kano Pillars da Gardamar da Ta Girma da Ita

A fadarmu ta Dumega, gardamar da ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce ta kokawa. In lokacin gasar Takobi ya ƙarato, jihar Dosso za ta fitar da 'yan kokawarta goma, sai shayi ya ƙone a kan gawayi ana musun wa ya cancanta, wa aka saka don sanayya. Amma akwai wani gefen tabarma da wannan bai dame shi ba. Na waɗanda suka yi ci-rani a Kano ne, suka dawo da ɗan jari, da rediyo, da wata cuta marar jin magani: son Kano Pillars. Kawuna ne limaminsu. A bakinsa na fara jin kirarin "Sai Masu Gida", kuma tun ina yaro nake tambayar kaina, shin su wa ne masu gidan nan?

A 1990 Najeriya ta buɗe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru, wato wadda ɗan wasa zai ci abinci da ƙafarsa. Kano ba baƙuwa ba ce a harkar. Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978, a shekarar nan kuma ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pele na cikin fili. Sai dai kafin 1990 tauraronta ya dusashe, abin da ya rage a birnin ƙananan ƙungiyoyi ne da babu wadda za ta iya ɗaukar nauyin sabuwar gasar ita kaɗai. Aka ɗauki uku aka zuba a tukunya ɗaya: WRECA, ta hukumar ruwa ta jihar Kano, da Kano Golden Stars, da ta Bank of the North. Sunan Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, shi ake fara ambata in ana zancen wannan haɗi. Mutumin Nijar ba zai yi mamakin ganin hukumar ruwa da banki suna da ƙungiyar balo ba, tunda mu ma muna da ta soja, da ta duwan, da ta 'yan sanda, da ta Nigelec.

To, ka haɗa ƙungiya uku, kana da masu tsaron raga na ƙungiya uku, da kyaftin uku, rigar shiga fili kuwa goma sha ɗaya ce. Kawu yakan ce tun ranar suna aka raɗa wa Pillars gardama. Uban da ya yanka ragon kuma gwamnatin jiha ce. Ita ke biyan albashi, ita ke naɗa shugabanni, har yau.

Shekarun farko ba su da wani armashi, in ban da zuwa wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1991, inda El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Sai da ta shekara 18 kafin ta ɗaga kofin gasar ƙasa, a 2008, ƙarƙashin Kadiri Ikhana, kocin da ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003. Shekarar da ta biyo baya ce ta kai sunanta har ƙauyuka irin namu. Aka haɗa ta da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin Afirka a lokacin. Aka tashi 1-1 a Najeriya, aka je Alƙahira aka tashi 2-2, dokar ƙwallon waje ta fitar da Al Ahly. Pillars ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, sai 'yar gida Heartland ta Owerri ta yi mata 4-0, ta kuma biyo ta Kano ta ƙara mata ɗaya. Kawu ba ya son a kai labarin nan ƙarshe. A Alƙahira yake tsayawa ya nemi a zuba masa shayi.

A wannan tsakani ne wani yaro ɗan Jos ya zo, Ahmed Musa. A matsayin aro ya shigo daga makarantar horar da 'yan wasa ta GBS, ya zura ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a gasar. Bai ƙara kaka ta biyu ba, VVV-Venlo ta Holan ta ɗauke shi, har sai da aka jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 kafin cinikin ya tabbata, saboda dokar FIFA. Daga can CSKA ta Mosko, daga can Leicester ta Ingila a 2016 kan fam miliyan goma sha shida da ɗoriya. Nan ne fadarmu take rabuwa biyu. Wasu su ce ai ba a tare wa yaro hanyar arziki. Wasu su ce dokin aro ne aka yi wa kiwo, ya yi ƙiba, mai shi ya zo ya kama linzami. Ni ina tare da na biyun, ba don ina jin haushin yaron ba. Abin da ke damuna shi ne tsarin: a gasar Najeriya kwantiragi gajere ne, kaka ɗaya ko biyu, ɗan wasa in ya haskaka ya wuce, in an riƙe masa albashi ma ya wuce. Ƙungiyar da ke jiran kasafin gwamnati ba ta da dalilin koyon ciniki. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ba zai taɓa sakin haja haka ba, ga shi kuwa shi ne ke cika filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ranar wasa.

Duk da haka, daga 2012 zuwa 2014 babu wanda ya iya da ita: kofi uku a jere, biyun farko da Mohammed Babaganaru, na ukun da Okey Emordi. Lura da wannan, koci ya ci kofi biyu a jere amma kaka ta uku ba shi ne a benci ba. Abin da ya riƙe ƙungiyar a lokacin 'yan gida ne da suka daɗe tare, irin su Gambo Mohammed da Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele. Kano ta zama kabarin baƙi, shekara goma sha biyu ba a ci Pillars a gida ba a gasar ƙasa, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya lagon. Shekarar ta zo da abin da ya fi wannan muni: a watan Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, za su Owerri wasan buɗe kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo.

Amma daren da ba a gama shari'arsa ba a Dumega shi ne na Asaba, Oktoban 2018, wasan ƙarshe na kofin Aiteo, wato kofin ƙalubale, da Enugu Rangers. Jim kaɗan bayan dawowa hutun rabin lokaci Pillars tana da uku, Rangers ba ko ɗaya. Kawu ya riga ya aika a sayo tsire. Kocin Rangers, Gbenga Ogunbote, ya yi abin da koci ba kasafai yake yi ba: ya cire mai tsaron ragarsa Femi Thomas ya sa Nana Bonsu ɗan Ghana. Cikin kwata na ƙarshe na wasan Rangers ta farke ukun duka, ta ƙarshen a ƙurarren lokaci, aka je bugun fenariti ta ci 4-2.  Musunmu shi ne, me ya hana kocin Pillars Ibrahim Musa Jugunu ya toshe baya tun ana 3-1?

"Kawu," na ce masa washegari, "ai sai a sallame shi."

"Kai yaro ne," ya ce. "Wanda ya kai ka bakin rijiya, ba ka tsine masa don guga ta tsinke."

Ba a sallame shi ba, kuma a watan Yulin 2019 shi ɗin dai ya kai su Kaduna suka doke Niger Tornadoes 4-3 a fenariti, kofin ƙalubale na farko a tarihin Pillars. Har yau Kawu yana karɓar bashin wannan magana a wurina.

Bayan nan sai gangara. Ahmed Musa ya dawo a watan Afrilun 2021 bayan rabuwarsa da Al-Nassr ta Saudiyya, ya yi 'yan watanni ya tafi Turkiyya. A 2022 rikicin 'yan kallo a wasa da Katsina United ya jawo aka zabtare wa ƙungiyar maki uku, ƙarshen kakar ta faɗa rukuni na biyu, bayan kusan shekara ashirin rabonta da can. Masu kiran kansu masu gida sun taimaka wajen rushe katangar gidan da hannunsu. Ta dawo a 2023.

A 2024 Ahmed Musa ya sake dawowa, shi da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda shi ma a Pillars ya yi suna kafin ya fita waje. A watan Yulin 2025 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa Musa babban manajan ƙungiyar, alhali bai rataye takalmi ba. Yaron da ya zo a matsayin aro ya zama mai ruwa da tsaki a kan wa za a sayo, wa za a sallama. Da labarin ya iso fada, Kawu ya yi shiru har kumfar shayin ta kwanta, sannan ya dube ni.

"To, ɗana, in ya gaji a minti na sittin, wane koci ne zai ɗaga lambarsa?"