Tallafin Adana Kayan Tarihi: Inda Kuɗin Yake da Abin da Ake Nema Daga Ƙungiyoyin Taraba

Tallafin adana kayan tarihi kuɗi ne da wata gwamnati ko gidauniya ke bai wa ƙungiya ko cibiyar da ba ta neman riba, domin ta ceto wani gini, kufai, tarin takardu ko wata sana'ar gargajiya da ke fuskantar ɓacewa. Ba a biyan sa kamar bashi, amma ana bin bahasin kowane kwabo, kuma ana bayar da shi ne don aiki guda da aka fayyace farkonsa da ƙarshensa. A Najeriya, galibin irin wannan kuɗi daga waje yake zuwa, kuma mai takardu a kammale shi ke samu, ko da akwai wanda ya fi shi buƙata. Wannan ne ya sa batun ya shafi Jihar Taraba, wadda aka ƙirƙiro ranar 27 ga Agustan 1991 daga tsohuwar Jihar Gongola, ta kuma gaji tarihin da ya girmi iyakokinta nesa ba kusa ba.

Abin da ke buƙatar ceto

Jalingo kanta ba tsohon birni ba ce idan aka gwada ta da Kano ko Katsina. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa ta a 1893 a matsayin sansani, bayan yaƙin da ya yi da Jukunawan Kona, wanda a cikinsa wani hafsan Faransa, Laftanar Louis Mizon, ya taimaka masa da bindigogi. Masarautar Muri kuwa ta faro ne tun 1817 a hannun Hammarwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe. Tsohon garin Muri, da tudun Kona, da fadar da ke Jalingo, duk sassa ne na labari ɗaya, ko da yake kowane ɓangare yana da yadda yake ba da shi.

A kudu akwai Wukari, mazaunin Aku Uka, inda ake danganta sarautar Jukunawa da daular Kwararrafa. Akwai Ibi a bakin kogin Binuwai, wadda ta kasance cibiyar kamfanin Royal Niger, kuma a nan ake bikin kamun kifi na Nwonyo. Gashaka da tsaunin Mambila sun zauna ƙarƙashin Jamus har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, ba su kuma shigo Najeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Har yanzu akwai ragowar sansanin Jamusawa a Gashaka. Sassaƙe-sassaƙen Mumuye kuwa, tun daga shekarun 1960 aka yi ta kwashe su zuwa Turai da Amurka, har ta kai ga mai son ganin mafi kyawunsu a yau ya fi samun su a can.

Amma mafi yawan gadon jihar ba gini ba ne. Yana cikin gafakar malamai, da akwatunan fada, da rajistar tsofaffin majami'u, da bakin dattawa masu harsunan da yara suka fara sauya su da Hausa. Gara, ɗigon rufi, gobara da rikicin ƙabilanci suna cin waɗannan ba tare da kowa ya ji ƙara ba. Rikodin mulkin Turawa na Lardin Muri, wanda aka rushe a 1926, sai mutum ya je Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna ya neme shi.

Abin da doka ta ce

Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM, ita ce doka ta ɗora wa wannan nauyi tun daga Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979. Dokar ta ɗauki abin fasaha ko sana'a na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana fitar da shi ƙasar waje ba tare da izini ba, ta kuma hana haƙa don neman kayan da ke binne sai da amincewar hukumar. Ke nan ƙungiyar da ta fara tono a wani kufai, komai kyan niyyarta, ta taka doka, kuma babu mai ba da tallafin da zai karɓi takardarta ba tare da wasiƙar izini daga hukumar da ke da iko da wurin ba.

Asusun jakadun Amurka

Wanda aka fi sani a Najeriya shi ne Asusun Jakadun Amurka na Adana Al'adu, AFCP a taƙaice, wanda ya fara aiki a 2001. A farkon 2024 ofishin jakadancin Amurka ya bayyana cewa asusun ya kashe dala miliyan 1.5 a kan ayyuka 14 a jihohi 21. Idan aka raba wannan adadi a kan shekaru fiye da 20, za a ga kuɗin ba mai yawa ba ne. Amfaninsa shi ne yana zuwa inda kasafin gwamnati ba ya kaiwa. Daga cikin ayyukan akwai gyaran Ƙofar Kansakali a Kano, da tattara bayanan duwatsun Bakor masu sassaƙa a Kuros Riba, da aikin ganuwar Sungbo a yankin Ijebu. Akwai kuma tallafin da aka bai wa reshen Najeriya na ƙungiyar ICOMOS domin aiki a Sukur ta Jihar Adamawa, wurin da UNESCO ta sanya cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1999, kuma 'yan Boko Haram suka kai masa hari a 2014.

A sanarwar shekarun baya, asusun kan bayar da daga dala 10,000 zuwa 500,000. Ana farawa da taƙaitaccen bayanin aiki da za a miƙa wa ofishin jakadanci, sannan a gayyaci waɗanda suka tsallake su kawo cikakkiyar takarda. Ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin kasuwanci ba sa cikin masu nema, kuma dole ƙungiya ta yi rajista a shafin gwamnatin Amurka na SAM, abin da kan ɗauki makonni.

Jerin abubuwan da asusun ba ya biya ya fi jerin waɗanda yake biya muhimmanci ga mai nema daga Taraba. Ba ya gina sabon gini, don haka buƙatar a gina sabon gidan tarihi ba ta shiga. Ba ya ɗaukar nauyin dabbobi, dazuzzuka ko duwatsun da ba hannun mutum a cikinsu. Ba ya kuma gyara kadarar da take mallakin wani mutum ko kamfani. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin wuya, domin tsofaffin gidaje da littattafai da yawa gadon iyali ne. Masallaci ko majami'a ko wurin tsafi na iya shiga, muddin an gabatar da shi bisa darajarsa ta tarihi ko ta gini kawai. Sharuɗɗa da adadin kuɗi suna sauyawa, saboda haka sanarwar shekarar da ake ciki ita ce abin dogaro.

Takardu, harsuna da sana'o'i

A nan ne ƙofar ta fi faɗi ga Taraba. Gidauniyar Arcadia ta Ingila tana ɗaukar nauyin shirye-shirye uku da suka dace da irin gadon da jihar ke da shi. Na farko shi ne shirin ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya ke gudanarwa tun 2004. Yana bayar da ƙaramin tallafi na gwaji, kimanin fam 15,000, don a binciko abin da ke akwai, da kuma babba da kan kai fam 60,000 don ɗaukar hoton takardun shafi-shafi. A ƙarƙashinsa an riga an ɗauki waƙoƙin jihadi na Fulatanci da aka rubuta da ajami, da wasu takardun ma'adanar Kaduna. Ƙa'idarsa ita ce asalin takarda ba ya barin ƙasar. Kwafe ne ake ajiyewa a Landan da kuma wata cibiya ta gida, kayan aikin da aka saya kuma su zauna a ƙasar.

Na biyu shiri ne na tattara harsunan da ke gab da mutuwa, wanda ya fara a 2002, yanzu kuma yake da mazauni a Berlin. Na uku yana ƙarƙashin Gidan Tarihi na Birtaniya tun 2018, kuma ya shafi sanin yadda ake yin abubuwa da hannu, kamar ƙira, saƙa, ginin tukwane da sassaƙa.

Akwai wani sharaɗi da ya kamata a faɗa wa masu kaya tun ranar farko: abin da aka ɗauka ana sa shi a intanet, kowa ya gani kyauta. Ga malamin da ke riƙe da kundin asirin kakansa, ko mai kula da wurin ibadar gargajiya da ba a yarda baƙo ya leƙa ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gara a ware abin da ba za a ɗauka ba tun kafin a rubuta takardar nema, da a karɓi kuɗi sannan a tarar da ƙofa a rufe.

Sauran hanyoyi

Gidauniyar ALIPH da aka kafa a Geneva a 2017 ta fara ne da wuraren da yaƙi ya shafa, kuma ita ta ɗauki nauyin gyaran Hubbaren Askiya a Gao ta ƙasar Mali. Taimakon asusun UNESCO da na Asusun Wuraren Tarihi na Afirka, wanda aka ƙaddamar a 2006, ta hannun hukumomin gwamnati yake bi, kuma ya shafi wuraren da ke cikin jerin duniya ko ake shirin gabatarwa. Gandun Dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Najeriya, yana cikin jerin jiran na UNESCO tun 1995. Shi ne kuma misalin da jihar ke da shi na haɗin gwiwa mai tsawo: a 2017 gidauniyar Africa Nature Investors, wadda 'yan Najeriya ke jagoranta, ta ƙulla yarjejeniyar shekara 30 da Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa. Aikinta kare daji ne, amma ya nuna cewa ƙungiyar gida tana iya riƙe kuɗin waje a wannan yanki. A cikin gida, malaman Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo da na Jami'ar Tarayya ta Wukari suna iya neman kuɗin bincike daga asusun TETFund.

Takardun da ake tambaya

Ƙungiyar ci gaban gari da ba ta da rajista ba ta da fuska a wurin masu ba da tallafi. Ana buƙatar rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC bisa dokar kamfanoni ta 2020, da lambar haraji, da takardar SCUML, sashen EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, wadda bankuna kan nema kafin su buɗe asusun ƙungiya. Sai rahoton mai binciken kuɗi, da shaidar cewa an taɓa riƙe kuɗin wani aiki an kuma kawo rasit. Ƙungiyar da ba ta da wannan tarihi ta fi samun sauƙi idan ta shiga ƙarƙashin inuwar jami'a ko gidan tarihi, ita ta kawo sanin gari da amincewar jama'a, su kuma su riƙe lissafi.

A ɓangaren aikin kansa, masu tantancewa kan duba wa ya mallaki wurin, wa zai yi aikin, da wa zai kula da shi bayan kuɗi ya ƙare. Tambaya ta ƙarshe ita ta fi kayar da takardu masu neman gyaran gini. Ginin ƙasa yaɓe yake so a kai a kai, kuma shafe shi da siminti, wanda mutane da yawa ke ɗauka gyara ne, yana riƙe danshi a ciki har bango ya ruɓe. Takardar da ta ambaci sunan sana'ar magina na gargajiya, ta nuna inda za a samo ƙasa da azara, ta kuma kawo alkawarin fada ko ƙaramar hukuma na ci gaba da yaɓe, ta fi wadda ta cika da yabon tarihi nauyi. Rushewar wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya a Agustan 2023, wanda ya ci rayukan masallata, ya nuna cewa duba lafiyar tsohon gini ya wuce batun ado.

Kasafi ma yana buƙatar lura. Ana rubuta shi da dala ko fam, a kashe shi da naira, kuma tsakanin miƙa takarda da fitowar kuɗi watanni da dama kan wuce. Haka nan lissafin lokaci: aikin gini da tafiya zuwa ƙauyukan tsauni sai da rani, tsakanin Nuwamba da Maris.

Matakin da ba ya jiran tallafi shi ne ƙidaya. Hoto mai kwanan wata, awon tsawo da faɗi, sunan gidan da ke riƙe da abu, yawan shafuka, harshen da aka yi rubutun da shi da irin lalacewar da ta kama shi, duk ana iya tattara su da wayar hannu da littafin rubutu. Wannan jeri shi ake haɗawa da taƙaitaccen bayanin farko, shi ne kuma hukumar NCMM za ta buƙata idan ana son a ayyana wuri a matsayin wurin tarihi na ƙasa.